A Hutar da Ita

Litinin, 8 ga Afrilu, 1974. Gumel, bayan la'asar.

An ba kowannenmu littafi a ofis don rubuta abin da muka gani a hanya. Wancan na aiki ne. Wannan nawa ne, ba kuma wanda zai karanta shi.

An aro ni daga aji na mako biyu. Bincike ake yi kan yadda mutane suka ɗauki dabbobinsu a wannan fari, da abin da za su yarda hukuma ta yi da su. Maza ba sa shiga gidajen kulle, sai aka ce a nemo mace mai Turanci da Hausa. Aka duba duk Gumel aka ce Malama Hasanatu. Ba yabon kai ba, wa kuma za a ce?

Mu uku ne. Akwai Dokta, Baturen da aka turo daga Kano, Hausarsa ta tsaya a "sannu da aiki". Akwai Malam Badaru malamin dabbobi, wanda in ya yi dariya sau ɗaya a wata an yi sa'a. Sai ni. Ɗantala ne direbanmu.

Wuni muka yi muna juya tambayoyi ashirin da biyar zuwa Hausa, ba gardama sai a ta goma sha tara. Turancin cewa yake, idan ciwo ko yunwa ya ci ƙarfin dabba, ko mai ita ya yarda hukuma ta kawo ƙarshen wahalarta. Malam Badaru ya ce a rubuta "a harbe ta", tunda abin da ake nufi ke nan. Na ce haba Malam! In shiga ɗakin sa'ar uwata, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa a wannan marra, in buɗe baki in ce a harbe miki akuya? Wace tarbiyya ce wannan? Na ce a sa "a hutar da ita". Ai ko mutum, in ya daɗe yana jinya ya rasu, cewa muke ya huta. Kowa ya san haka.

Ya ce, "A gidan makoki kowa ya san haka, Malama. A bakin turke kuma hutu daban ne."

Na ce shekara tara ina koyar da Hausa, mai duba haƙoran shanu ba zai gyara mini ba. Dokta ya ga mun ɗaga murya, ya tambayi wace ce ta fi ladabi. Na ce tawa. Ya ce a sa tawa. Ya ƙara da cewa ra'ayi kawai ake ji, sunan kowa ba inda zai je.

Malam Badaru ya sha mur har muka tashi. Ni kam na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 10 ga Afrilu. Gagarawa, da azahar.

Gida goma sha ɗaya na shiga tun safe.

Tambaya ta huɗu ita ce, "Kina son dabbarki?" Duk inda na karanta ta sai an yi dariya. Wata A'i, matar maƙeri, ta ce, "So irin na miji? Malama, rubuta akuya. Ita ko a wannan hali tana ba ni nono rabin ludayi. Shi sai ya dawo yana huci." Ta bakwai kuma, ko dabba tana jin zafi irin na mutum. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce wanda ya rubuto wannan bai taɓa raba tunkiya da ɗanta ba.

Abin da ban iya yi wa dariya ba shi ne jinkunan ɗakuna. Sun zare ciyawar sun ba awaki, sai tsirarar itace. A wani gida tsohuwar tabarma ake yayyagawa ana jiƙawa. Ina cikin rubutu wata akuya ta fizge kusurwar takardata ta haɗiye, mai ita ta hau ba ni haƙuri, idonta cike da ƙwalla.

Ta goma sha tara kuwa kowa ta ce ta yarda, da sauri ma. Na gaya wa Malam Badaru a mota, ya kau da kai wajen taga.

Alhamis, 11 ga Afrilu. Maigatari, da yamma.

Ranar kasuwa. Da ban je ba.

Tun ina yarinya nake zuwa karar Maigatari, kasuwar dabbobi, ban taɓa ganin irin na yau ba. Shanun da suka gangaro daga Damagaram ba sa iya tsayuwa, sai an zura sanda a ƙarƙashinsu mutum huɗu sun ɗaga. In an saki sanda su zube. Fatu an tara sun fi ni tsawo, don yanzu fatar ake saye, ba saniyar ba. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta zo, sai dai su matsa gefe.

Na ga wani Buzu zaune kusa da raƙuminsa, ya warware rawani yana yi masa inuwa a ka. Raƙumin ya mutu tun safe, in ji Ɗantala. Ba shi cikin waɗanda za mu tambaya, tunda ba ɗan ƙasa ba ne.

Malam Badaru ya sa an farka ƙirjin wata saniya, ya kira Dokta ya nuna masa wani abu a huhunta. Suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Da na matso sai suka yi shiru. Ban tambaya ba.

Asabar, 13 ga Afrilu, da hantsi.

Zafi. Ba ko ɗigon girgije. Har yanzu warin kara yana cikin mayafina.

Litinin, 15 ga Afrilu. Ɗanzomo, bayan la'asar.

Gida na ƙarshe yau na wata tsohuwa ne, Kande, can bakin gari. Ɗaki ɗaya, da dangar kara wadda rabinta babu. Na ce iska ce? Ta ce a'a, Aura ce ta ci, kuma ita ta ce ta ci.

Aura jakarta ce. Na karanta tambayar farko, dabbobi nawa gare ki. Ta ce, "Ba ni da dabba, ɗiyata. Aura gare ni." Na ce to a takarda dai jaka ɗaya zan rubuta. Ta ce in rubuta, amma kada in faɗa da ƙarfi.

Mijinta ya rasu. Ɗanta Gudaji ya tafi Kurmi shekara biyar ke nan, ko saƙo. Rijiyar Ɗanzomo ta fi gaba talatin, hannu ba ya iya janyo guga, sai a ɗaura igiya a jikin jaka ta yi gaba da ita. Da wannan Kande take ci. Tana ɗebo wa gida uku ruwa, su ba ta tsaba. In ta dama kunu rabawa take biyu, na gani da idona, ƙwarya ɗaya suke sha. Tana yi mata faɗa kuma yadda ake yi wa mutum. "Dube ta, munafuka, ta ga baƙuwa ta sunkuyar da kai. Jiya ni ta taka."

Ta goma sha biyu, ko akwai mai ciwo. Ta ce Aura tana tari tun watan jiya, ga majina. Na rubuta.

Da na zo ta goma sha tara sai ta tafa hannu. "Hutu? Aura? Kai, Allah ya yi wa gwamnati albarka! Shekara goma sha huɗu ba ta wuni ba igiya ba sai ranar salla." Ta juya wajen jakar ta ce, "Kin ji ko? An tuna da ke." Ta dangwala yatsa a takarda da kanta tun ban nuna mata wurin ba. Na ba ta ɗan katin da muke ba kowa, lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, ta ƙulle a bakin zane.

A bakin ƙofa ta yi mini wata tambaya, na amsa mata. Rana ta yi zafi ƙwarai, Ɗantala kuma yana ta danna hon.

Talata, 16 ga Afrilu, da safe.

Rediyo ta ce sojoji sun karɓi mulki a Nijar. Ban yi barci sosai ba. Zafi ne.

Juma'a, 19 ga Afrilu. Gumel, kafin masallaci.

Mun gama. Takarda ɗari uku da 'yan kai, an ɗaure an sa a mota sai Kano. Dokta baki har kunne. Ya ce cikin mutum goma, tara sun yarda da ta goma sha tara, kuma bai taɓa ganin haka a wata ƙasa ba. Ya ce zai rubuta cewa mutanen nan sun fi yadda ake zato tausayin dabba. Ya yaba wa Hausata, shi da ba ya jin ko rabinta.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ya miƙo mini takardar shaida mai hatimi. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Ra'ayi ne kawai. Shi ya faɗa da bakinsa.

Laraba, 24 ga Afrilu, bayan tashi daga makaranta.

Na koma aji. Na zane wata yarinya kan ta rubuta "ƙarya" ba lanƙwasa. Bulala uku, a kan harafi ɗaya. Me ke damuna?

Litinin, 29 ga Afrilu, da la'asar.

Malam Badaru ya yi sallama da ni a ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba. Na fito na same shi tsaye a rana, ga inuwa bai shiga ba.

Takarda ta zo daga sama. Ciwon da suka gani a Maigatari yana yaɗuwa, wasu na cewa huhu ne, wasu na cewa wani sabon abu ne, ba wanda ya tsaya ya yi wa kowa bayani. Za a tattara duk dabba mai tari a wuri huɗu, Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. An haƙa ramuka. Ya ce da farko ana tsoron mutane za su yi bore, sai aka ga sakamakon bincikenmu, tara cikin goma sun yarda, ga yatsunsu.

Na ce amma ai ba sunaye.

Ya zaro wasu takardu daga aljihu ya buɗe mini. An buga da tafireta. Suna, gari, irin dabba, lambar kati. Duk wanda ya ce akwai mai tari a ta goma sha biyu, ya kuma yarda a ta goma sha tara.

Na ce ina Dokta? Ya ce aikinsa ya ƙare, ya tafi Ikko, daga can sai gida. Wai shi ma bai san za a yi haka da takardun ba. Wai.

Ban nemi lambar ba. Idona ne ya faɗa kanta.

Talata, 30 ga Afrilu, da hantsi.

Mai shela ya bi ta bayan makaranta, tagogi a buɗe. "Ana sanar da jama'a, duk mai dabba marar lafiya ya kawo ta ranar Alhamis a hutar da ita! A hutar da ita!"

Yara suka ɗauka suna maimaitawa da waƙa. Na daka musu tsawa har muryata ta shaƙe.

Na aika wa Malam Badaru cewa a canja kalmar, a faɗi gaskiya. Ya aiko da amsa a bayan takardata: "Na roƙa, an ƙi. An ce in aka faɗi ɗaya kalmar ba mai kawowa. Taki ta fi aiki."

Laraba, 1 ga Mayu, bayan azahar.

Na sami Baffa a zaure yana duba littattafansa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma ban taɓa iya yi masa kwana-kwana ba, amma na gwada. Na ce, Baffa, wata ce ta tambaye ni. Idan mutum ya faɗi kalma daidai, mai sauraro ya ji wani abu daban, laifin wa?

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Mai faɗin ta san an ji daban?"

Na hau gyara mayafina.

Ya ce, "Ta sani tun a lokacin, ko daga baya?"

Na ce ai kalmar Hausa ce tsantsa, Baffa, ko a gaban alƙali.

Sai ya rufe littafi ya cire tabarau. "Hasana, ban tambaye ki nahawu ba. Ki gaya wa mai tambayar ta je ta warware abin da ta ƙulla tun bakinta yana da amfani. In kuɗin mota ne ko izini, na ba ta."

Na ce to. Na tashi na fita.

Gobe zan je Ɗanzomo.

Alhamis, 2 ga Mayu, da yamma.

Ban je ba. Akwai jarrabawar aji shida.

Yau aka yi na Gumel, can bayan gari. Ana jiyowa daga aji. Na sa yara karatun baki da ƙarfi, na ce su ƙara ƙarfi, su ƙara. Da aka tashi na bi ta wata hanya don kada in haɗu da masu dawowa da igiya a hannu. Duk da haka na haɗu da biyu.

Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, 3 ga Mayu, da safe.

An jefi ofishin dabbobi da duwatsu. Wata mata a rijiya ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya ƙago maganar hutun nan. Ina tsaye a gefenta da bokitina. Na ce amin, don kowa ya ce.

Gobe zan je.

Asabar, 4 ga Mayu, da la'asar.

Na shirya, na yafa mayafi, na kai har tasha. Motar ta cika ina kallo, ta tashi ina kallo.

Me zan ce mata? Inna, abin da na gaya miki ba haka ba ne? Ni Hasanatu, da ake kawo wa wasiƙa daga unguwa uku in duba kuskure?

Daga tasha na wuce wurin Malam Badaru. Ya rame cikin kwana biyu, idonsa jawur, an ajiye masa abinci ƙudaje na bi. Na gaya masa lambar. Ya ce a saninsa wannan ciwo na shanu ne, bai taɓa ganin ya kama jaki ba. Tarin jakar Kande bai wuce yunwa da cin busasshen kara ba. Amma masu buga takarda a Kano "tari" kawai suka gani. Ya ce na Sule Tankarkar ranar Laraba ne, shi da kansa zai tsaya a ƙofa, in ta zo zai mayar da ita gida ko za a kore shi daga aiki.

Na ce Allah ya saka da alheri. Na so in ce masa shi ne da gaskiya tun ranar farko. Ban ce ba, shi ma bai nema ba.

Tunda zai tsaya a ƙofa, ba lalle sai na je ba.

Lahadi, 5 ga Mayu, da hantsi.

Bari in rubuta, ko na samu in ci abinci.

Abin da Kande ta tambaye ni a bakin ƙofa shi ne, "Ɗiyata, a can wurin hutun za a ba ta angurya?"

Angurya, 'ya'yan audugar da ake ba dabbar da ake so ta yi ƙiba. A nan na gane sarai abin da ta ji, da abin da matan Gagarawa suka ji, da dalilin saurin yardarsu. Ba daga baya na gane ba. A nan, ina tsaye, takarda a hannuna. Da na ce a'a Inna, zauna in sake karanta miki, da sai in koma gida ɗari biyu da goma sha uku in sake, sai kuma in tsaya gaban Malam Badaru in ce ya fi ni Hausa.

Ban ce ban sani ba. Ban ma ce in Allah ya so ba. Cewa na yi, "Har da kanwa, Inna."

Har da kanwa. Ni na ƙara wannan, ba wanda ya tambaye ni.

Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma na tsani kaina yau.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan azahar.

Ɗantala zai kai farar ƙasa Sule Tankarkar gobe, wadda ake zubawa a rami. Na ce ya biya da ni ta Ɗanzomo. Ko da Malam Badaru zai tsaya a ƙofa, gara ta ji daga bakina, kada ta sha tafiyar banza da jaka marar lafiya.

Na gaya wa Baffa. Ya ce, "Sai yau?" Bai ƙara ba.

Laraba, 8 ga Mayu. Gumel, da hantsi.

Ban je makaranta ba. Zan rubuta na jiya yadda ya faru, ba gyara.

Mun isa Ɗanzomo rana ta take. Ɗakin Kande a rufe da asabari, turke ba kowa. Maƙwabciyarta Rakiyya ta leƙo ta kan danga, ta gane ni, fuskarta ta canja. Ta ce Kande ta tafi tun asubar Litinin, wai tana so ta riga kowa, kada angurya ta ƙare kafin a zo kan Aura. Ta wanke ta da ruwan da ya kamata ta kai gidan mutane. Rakiyya ta ce, "Mun gaya mata, Malama. Fatake sun zo da labarin abin da aka yi a Gumel, mai gari ma ya aiko mata. Ta ce ƙarya ne, ko an yi to shanu aka yi wa. Ta ce Malama da bakinta ta faɗa mata, kuma Malama jinin malamai ce."

Ban san yadda na koma mota ba. Na ce wa Ɗantala ya taka, ya taka don Allah. Na riƙa gaya wa kaina ai sai Laraba, yau Talata.

A Sule Tankarkar an kewaye wani fili da kara a wajen gari, ga 'yan sanda biyu da wani ma'aikaci da ban sani ba, riƙe da irin takardun nan. Na ce lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya bi da yatsa. An ja layi a kai. Ya ce waɗanda suka zo da wuri an rage su da safe, don aikin gobe ya yi sauƙi.

Na yi masa ihu. Na ce jaka ce, ciwon shanu ne, kai wane irin jahili ne? Ya bar ni na gama, sannan ya juyo da takardar ya nuna mini. Ya ce, "Hajiya, mai ita ta yarda. Ga shi nan."

Tana zaune a gindin wata aduwa, ita kaɗai, ɗan ƙunshin harawa a cinyarta, ban san inda ta samo shi a wannan shekara ba. Igiyar tana gefenta a naɗe. Da ta hango ni sai ta yunƙura za ta tashi. Na riga ta na durƙusa.

Ta ce, "Yawwa, ga Malama. Sannu da rana, ɗiyata. Mutanen nan sun ce mini wata magana. Na ji ƙara kuma da safe. Na ce ba inda za ni sai na ji daga bakinki."

Wallahi har a lokacin bakina ya so ya nemo kalma mai laushi. Sun zo mini guda uku ko huɗu, duk masu kyau.

Na ce, "Inna, an kashe Aura. Harbe ta aka yi. Abin da takardar take nufi ke nan tun farko, kuma na sani ranar da na zo gidanki. Ba angurya, ba kanwa. Ƙarya na yi miki."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni. Ta daɗe tana kallon harawar, tana gyara ɗaurin.

Can ta ce, "Da kin faɗa mini ai da na kawo ta duk da haka, in hukuma ta ce dole. Wa ya isa ya ja da hukuma? Ta tsufa, ni ma na sani." Ta shafa igiyar. "Amma da na roƙe ta gafara a hanya. Tafiyar wuni guda muka yi, mu biyu, ba kowa. Shekara goma sha huɗu ina dukanta, ɗiyata. Na dake ta tana da ciki. Na dake ta ran da Gudaji ya tafi, ba abin da ta yi mini. Gobe kiyama za a tsayar da mu, ita za a ba ta baki. Kullum ina cewa in na ga alamar rabuwa zan roƙe ta. Jiya kuwa, maimakon haka, tsiya na yi ta yi mata. Ina ce mata 'yar gata, za ki je ki yi ƙiba ki manta da ni. Da suka ja ta ta toge, ni na ɗaɗa mata igiya a gindi na ce wuce, sakarya."

A nan ne muryarta ta karye. Ni kuwa tuni.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Bari tukuna. Ni ma ban samu tawa ba." Ta miƙo hannu na ɗaga ta. Ta ce in kai ta wurin.

'Yan sandan sun so su hana, Ɗantala ya yi musu magana suka ƙyale mu. Ramin yana da 'yar tafiya, bayan wani tudu. Ya fi ajinmu faɗi. An riga an zuba ƙasa a kan na safe, an bar gefe ɗaya a buɗe don na gobe. Kande ta tsaya a baki, ta duba nan, ta duba can. Ta ce, "Ta wane gefe aka sa ta?"

Hannuna har ya fara ɗagawa. Ko'ina na nuna za ta yarda, ta yi abin da ya kawo ta, ta samu sauƙi.

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ajiye harawar, ta tuɓe takalmanta, ƙasa kuwa kamar garwashi. Ta je kusurwar gabas ta durƙusa ta ce, "Aura, ni ce. Ki yafe mini." Ta jira kaɗan. Ta dafa gwiwa ta tashi, ta tafi kusurwa ta biyu ta sake faɗa. Haka ta bi su duka huɗu, ni ina tsaye riƙe da takalmanta.

Da ta dawo inda ta fara sai ta ce ba ta tabbata an ji ba, ta sake kama zagayen.